Ceton rai kyauta ne, jirgin ceto kuwa da kuɗi

Ranar Juma'a 7 ga watan Yuni na shekarar 2019, da hantsi, guguwar da masana yanayi suka laƙaba wa suna Miguel tana dukan gaɓar yammacin Faransa, sai labari ya iso tashar ceto ta garin Sables-d'Olonne cewa wani masunci ya fita shi kaɗai cikin ƙaramin jirginsa, kuma na'urarsa ta neman agaji ta fara kuka. Mutum bakwai suka ajiye abin da suke yi, suka sa rigunansu masu ruwan lemo, suka tayar da jirgin ceto mai suna Jack Morisseau, suka nufi teku. Ba su yi nisa ba. Wata ƙatuwar igiyar ruwa ta farfasa gilasan ɗakin matuƙi, ruwa ya cika ciki, injin ya mutu, jirgin ya kife ƙasa da kilomita ɗaya daga tudu, a gaban idon masu tsaye bakin gaɓa. Huɗu sun fito da iyo, uku sun rasu. Masuncin da suka fita nema, shi ma bai tsira ba.

Daga cikin bakwai ɗin nan babu ko ɗaya da ke karɓar albashi a kan wannan aiki. Jirgin da suka shiga kuwa an ƙera shi tun 1986, watau shekararsa 33 a ruwa, kuma an fito da shi ne domin babban jirgin tashar yana wurin gyara. Kwana uku bayan haɗarin, mutum wajen 15,000 suka yi tattaki cikin garin domin juyayi. Ranar 13 ga wata shugaban ƙasa Emmanuel Macron ya zo da kansa, ya karrama mamatan da lambar girma ta Légion d'honneur, aka yi jawabai, aka busa ƙaho. Duk wannan ya dace da su. Sai dai lambar girma ba ta toshe jirgi, kuma tambayar da ta rage bayan an watse ita ce wadda ta kamata a yi tun kafin guguwa: ƙasar da ke tura mutane cikin teku da sunanta, me take ba su su tafi da shi?

Mai karatu a Maradi ko Damagaram, wanda bai san teku ba sai in fatauci ya kai shi tashar Kwatano ko ta Lome, yana iya cewa ina ruwan biri da gada. Wani kuma ya ƙara da cewa tun da sojan Faransa suka fice daga Nijar a watan Disamba na 2023, ba lokacin jawo misali daga can ba ne. Amsar ba ta da tsawo. Masuntan Vendée da makanikan Bretagne da ke tashi tsakar dare domin tsamo wanda ba su sani ba, ba su ne suka tsara siyasar Paris a Sahel ba, kuma abin da suka gina cikin shekaru fiye da 150 ya cancanci a dube shi da idon basira, da kyansa da aibinsa, musamman a ƙasar da ruwa ke cin mutane kowace damina.

Ƙungiyar da mamatan ke yi wa aiki ana kiranta SNSM, watau ƙungiyar ƙasa ta ceto a teku. An kafa ta a 1967, lokacin da aka haɗe tsofaffin ƙungiyoyi biyu, ɗaya ta 1865, ɗaya ta mutanen Bretagne ta 1873, waɗanda suka fito daga yaƙin duniya na biyu da jiragensu a lalace, asusunsu kuma babu komai. Ƙungiya ce mai zaman kanta bisa dokar 1901, gwamnati ta amince da ita a 1970 a matsayin mai aikin amfanin jama'a. Tana da tashoshi fiye da 200 a gaɓar Faransa da tsibiranta na ƙetare, da ƴan sa kai fiye da 9,000. Wasunsu ke shiga jiragen ceto, wasu ke tsaron bakin ruwa lokacin hutun bazara, wasu ke horar da sababbi, wasu kuma aikinsu riƙon littafin kuɗi da sayar da kalanda a kasuwa.

Yadda aikin ke tafiya ya kamata a fahimce shi, domin nan ne gishirin maganar yake. Wanda ya shiga uku a teku yana kira ta tasha ta 16 ta rediyon jirgi, ko ya buga lamba 196 a waya. Kiran yana faɗawa ɗaya daga cibiyoyin gwamnati da ake kira CROSS, irin su ta Gris-Nez a arewa, ta Corsen da ta Étel a yamma, ta La Garde a Bahar Rum, waɗanda ke aiki dare da rana ƙarƙashin babban hafsan sojan ruwa mai muƙamin furefen teku. Jami'in cibiyar ke duba taswira, ya yanke shawarar wa za a tura: jirgi mai saukar ungulu na soja, jirgin jandarma ko na duwan, jirgin fatake da ke kusa, ko kuwa ƴan sa kai. Kusan rabin fitar ceto da jirgin ruwa, su ake kira. Daga nan wayoyi ke ƙara a aljihun mutane goma ko ashirin cikin gari ɗaya; mai gyaran famfo ya bar bututu, malamar asibiti ta nemi wadda za ta riƙe mata, mai shago ya ja ƙofa. Cikin minti ashirin ko ƙasa da haka jirgi ya bar tasha. Shugaban jirgin ke da maganar ƙarshe a kan ko za a fita ko ba za a fita ba, kuma kowa ya san irin nauyin da ke kan mutumin da aka ce masa ga rai can a ruwa, ya dubi sama ya dubi abokansa shida.

Dokar Faransa ta ce ba a biyan ko tamma a kan ran da aka ceto. Attajiri mai jirgin shaƙatawa da matalaucin masunci duk ɗaya ne. Amma in aka jawo jirgin mutum zuwa tudu, wannan dukiya ce, sai ya biya kuɗin mai da lalacewar kaya, ko inshorarsa ta biya. Wannan rarrabewa tsakanin rai da dukiya ta girmi ƙungiyar. Tsohuwar al'adar matuƙa ce wadda daga baya ta shiga yarjeniyoyin duniya, har da ta Hamburg ta 1979 a kan nema da ceto, da ta dokar teku ta 1982, wadda aya ta 98 cikinta ta wajabta wa kowane matuƙi ya kai ɗauki ga duk wanda ya tarar cikin haɗari.

Da can, mafi yawan masu shiga jiragen ceto masunta ne da tsofaffin matuƙa, waɗanda suka san kowane dutse na gaɓarsu tun suna yara. Sana'ar su ta ja baya a Faransa, ƙauyukan masunta sun koma wuraren hutu, yau mafi yawan ƴan sa kai mutanen tudu ne: ma'aikatan ofis, direbobi, malaman makaranta, masu ritaya. Niyya suna da ita, sanin ruwa kuwa sai an koya musu. Shi ya sa ƙungiyar ta buɗe cibiyar horo ta ƙasa a Saint-Nazaire, ban da cibiyoyi wajen talatin da ke warwatse cikin ƙasar. Sabon shiga yana share watanni yana koyon ɗaurin igiya, karatun taswira, magana a rediyo, agajin farko, da yadda ake ɗago mutumin da sanyi ya sandarar ba tare da an ƙarasa shi ba. Ana atisaye ranakun hutu, cikin ruwan sama da duhu. Matar gida ko mijin gida su ma suna cikin aikin ko da ba a rubuta sunansu ba, domin su ke zaune da yara suna sauraren ƙarar ƙofa. Duk wanda ya ɗauka sa kai yana nufin a zo ran da aka ga dama, bai san wannan sana'a ba.

To, a nan ne maganar kuɗi ta shigo. Jirgin ceto mai iya fita kowane irin yanayi yana cin fiye da Euro miliyan ɗaya, watau sama da sefa miliyan 650, kuma bayan shekara talatin ya tsufa. Har zuwa 2019 abin da gwamnatin Faransa ke ba ƙungiyar bai wuce wajen Euro miliyan 6 a shekara ba, kusan sefa miliyar 4. Sauran duk daga gudummawar jama'a yake fitowa, da wasiyyar mamata, da kamfanoni, da hukumomin jihohi da garuruwa. Ma'ana, gwamnati ce ke ba da umurnin fita, amma mutumin da ya fito daga ruwa a jiƙe shi ne gobe zai tsaya ƙofar kanti da gwangwani yana roƙon kuɗin gyaran inji. A 2017 an ayyana ceto a teku a matsayin babban al'amarin ƙasa na shekara, aka yi ta talla a talabijin. Shekara biyu bayan haka jirgin 1986 yana nan yana aiki. Sai da mutum uku suka mutu majalisar dattawa ta kafa kwamitin bincike, ya fitar da rahoto a watan Oktoba na 2019, aka ɗaga tallafin ya haura Euro miliyan 10 daga 2020. Kuma ba wannan ne karon farko ba: a watan Agusta na 1986 ƴan ceto biyar na tashar Aber Wrac'h sun mutu cikin dare ɗaya, a lokacin ma sai da aka yi jana'iza kafin hannaye su shiga aljihu. Gwamnatoci, na arewa da na kudu, sun fi jin kukan makoki a kan wasiƙar ma'aji.

Kada a ɗauka cewa maganin shi ne gwamnati ta haɗiye ƙungiyar ta mayar da kowa ma'aikaci. Ingilishi sun bi wata hanya dabam, kuma tarihinsu yana da abin lura. Ƙungiyarsu ta RNLI, wadda Sir William Hillary ya assasa a 1824, ta karɓi tallafin gwamnati daga 1854, tare da sharuɗɗan da ke biye da shi, sannan a 1869 ta sallame shi ta koma ga jama'a. A watan Disamba na 1886, wani jirgin Jamus mai suna Mexico ya maƙale a gaɓar Lancashire. Jiragen ceto uku suka fita. Ɗaya ya kwaso matuƙan, biyu suka kife, ƴan ceto 27 na Southport da St Annes suka halaka, suka bar zawarawa da marayu. Wani attajirin auduga, Charles Macara, ya bincika littattafan ƙungiyar, ya tarar ƴan tsirarun masu hali ne kaɗai ke ciyar da ita. A 1891 ya sa aka jawo jiragen ceto bisa amalanke cikin titunan Mancesta, garin da ba ya bakin teku, ana bi da buhuna ana karɓar kwabo-kwabo daga leburori da ƴan tireda. Tun daga ranar ƙungiyar ta zama ta kowa. Lokacin da ta cika shekara 200 a 2024, ta lissafa rayuka fiye da 146,000 da ta ceto, kuma ta ce cikin kowace fita goma, shida da kuɗin wasiyya ake yin su. Ɗan kasuwa ne ya gano cewa jarumtaka ba ta ɗorewa in babu littafin kuɗi a bayanta, kuma wannan batu ya shafi duk wani alhaji da ke tunanin inda zai ajiye sadaka mai gudana.

Hanyoyin biyu kowace da ramin da ke cikinta. Wadda ta dogara ga gwamnati tana jiran kasafin kuɗi da sauyin minista. Wadda ta dogara ga jama'a kaɗai tana buƙatar jama'a mai abin hannu, kuma tana iya ba masu mulki damar naɗe hannu su ce ai akwai masu yi. Abin da ya haɗa su shi ne rabon aiki a fili: hukuma ta riƙe kunne da umurni, ta amsa kira, ta san inda kowa yake, mutanen gari su riƙe jirgi da tuƙi, domin su ke kusa, su kuma suka san ruwan.

An gwada wannan tsari gwaji mai tsanani a mashigin Mansh, ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila, wanda faɗinsa a wurin da ya fi ƙunci bai fi kilomita 34 ba. Daga 2018 baƙin haure suka fara ƙetare shi cikin jiragen roba; a 2022 kaɗai fiye da mutum 45,000 suka isa gaɓar Ingila. Ƴan sa kai na Calais da Dunkerque da Boulogne, da takwarorinsu na Dover da Dungeness, waɗanda suka saba jawo jirgin shaƙatawa da mai ya ƙare masa, sai ga su suna tsamo mata da jarirai hamsin-hamsin cikin sanyin hunturu. A Ingila wasu ƴan siyasa, Nigel Farage a gaba, suka zargi RNLI da zama tasin masu safarar mutane, har aka riƙa zagin ƴan ceto a bakin gaɓa. Shugabannin ƙungiyar suka amsa a watan Yuli na 2021 cewa ba a tambayar takardun mai nutsewa. Cikin kwana ɗaya jama'a suka aika musu da fam 200,000.

Wata huɗu bayan haka, daren 24 ga Nuwamba na 2021, wani jirgin roba ya sace a tsakiyar mashigin. An tsamo gawa 27, mafi yawa Kurdawan Iraƙi, da ƴan Afganistan da Habasha da Somaliya da Masar. Mutum biyu kaɗai suka rayu. Jirgin ƴan sa kai na Calais yana cikin waɗanda suka kwaso gawarwakin. Shekara guda bayan haka jaridar Le Monde ta bayyana cewa mutanen sun yi ta kiran cibiyar Faransa sau da dama cikin daren, ana ce musu suna ruwan Ingila, kuma ba a tura musu jirgi ba. A 2023 alƙalan bincike suka tuhumi wasu sojoji da laifin ƙin kai ɗauki. Abin lura a nan shi ne, ƴan sa kai suna kwance gidajensu a wannan dare, wayoyinsu a kunne, jirginsu da mai. Sarƙar ta tsinke ne a wurin masu albashi. Jarumin da ba a kira ba, da shi da babu duk ɗaya ne, kuma shekarar 2024 ta zo ta fi muni, da mutum fiye da 70 da suka mutu a wannan mashigi.

Wanda zai ce wannan duk harkar ƙasashe masu arziki ce, sai ya dubi Afirka ta Kudu. A 1966 masunta 17 suka nutse kusa da Stilbaai, babu jirgin da zai je musu. Wata malamar makaranta, Patti Price, wadda ita kanta ƴan ceton Ingila suka taɓa tsamo ta tana yarinya, ta dinga rubuta wasiƙu ga jaridu ba ta gajiya. Daga wasiƙun nan aka kafa ƙungiyar NSRI a 1967, da ƙaramin jirgin roba guda. Yau tana da tashoshi a gaɓar teku da kuma madatsun ruwa na cikin ƙasa, tana koya wa yaran makaranta yadda za su tsira in sun faɗa ruwa, kuma daga 2017 ta fara rataye robobin ceto masu ruwan hoda a bakin ruwa, inda duk mai wucewa zai iya ciro ɗaya ya jefa wa mai nutsewa.

Nijar ba ta da teku, amma tana da kogin Isa mai ratsa ta tsawon kilomita 550, tana da Komadugu da tafkin Cadi, da tafkin Madarunfa, da gulbin Maradi, da koramun Adar masu tasowa cikin sa'a guda su tafi da mota da fasinjanta, da kududdufan bayan gari da ke cin yara kowace damina ba tare da labarin ya wuce unguwa ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 suka nutse a duniya a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar, kuma Afirka ce ke kan gaba in an auna da yawan jama'a. A watan Satumba na 2017 wani kwale-kwale da ya taso daga yankin Gaya da ƴan kasuwa zuwa kasuwar Lolo ta jihar Kebbi ya kife, aka rasa fiye da mutum 30. A watan Fabrairu na 2019 wani da ya ɗauko mutanen Benin zuwa kasuwar Una, cikin gundumar Sambera ta jihar Doso, maƙare da mutane da kaya, ya nutse dab da isa, fiye da mutum 40 suka ɓata. A Satumba na 2020 kogin ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, ya fasa shinge ya shiga unguwannin Harobanda. Ambaliyar 2024 ta kashe fiye da mutum 300 a faɗin ƙasar, ta shafi sama da miliyan ɗaya, jihar Maradi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Yawancin waɗanda ke cikin kwale-kwalen nan masu kai kaya kasuwa ne, irin masu karanta wannan shafi.

Ƴan kwana-kwana suna iya ƙoƙarinsu, kuma lamba 18 tana aiki a manyan birane. Amma mai nutsewa mintoci yake da su, barikin kuwa yana iya kasancewa tafiyar sa'o'i daga mashigar da abin ya faru. A duk irin wannan haɗari, waɗanda ke fara isa su ne waɗanda dama suke bakin ruwa: Sorkawa, masunta, matuƙan kwale-kwale, mutanen sarkin ruwa. Ke nan ƙasar tana da ƴan ceto tun kafin a haifi SNSM. Abin da ba su da shi shi ne inji da mai a ajiye domin wannan aiki kaɗai, da rigunan ceto, da fitila, da sanin yadda ake farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, da wata lamba guda da za a kira a same su, da kuma takardar da ta ce in ɗayansu ya mutu garin ceton wani, ga abin da iyalinsa za su samu. In an tuna da su, to bayan an gama ne, lokacin da tawagar hukuma ta zo ta'aziyya da buhunan shinkafa da masu ɗaukar hoto.

Akwai abin tsoro guda biyu, kuma gara a faɗe su. Na farko, kalmar sa kai ta ɓaci a wannan yanki. Daga Zamfara zuwa Burkina, in an ce ɗan sa kai, abin da ke zuwa zuciya shi ne saurayi da bindiga. Na biyu, ƙasar nan ta san yadda aikin gayya ke komawa kayan mulki. Samariya ta zamanin Seyni Kunce ta gina azuzuwa da rijiyoyi da gumin matasa, sannan ta zama kunnen hukuma da ƴar rakiyar baƙi. A zamanin jam'iyyu kuma an ga ƙungiyoyin da aka haifa ranar da aka ji labarin tallafi daga waje, suka mutu ranar da aka raba motoci. Ƙungiyar ceto da shugabanta zai zama ɗan'uwan wani babba, injinta kuma ya koma jigilar albasa ranar kasuwa, gara babu ita, domin za ta sa mutane su saki jiki da abin da ba zai zo ba.

Kariyar da aka sani ita ce wadda Macara ya gano: kuɗi daga hannaye masu yawa, da lissafi a bainar jama'a. Ƴan kasuwar da kayansu da yaransu ke bin kogi tsakanin Gaya da Malanvil da kasuwannin ƙetare suna da ƙungiyoyi masu asusu, kuma kwale-kwale guda mai inji bai kai kuɗin tirela guda ba. Su saya, su liƙa takardar abin da ya shiga da abin da ya fita a ƙofar kasuwa kowane wata. Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge, wadda ke aiki a ƙasar tun 1963, ta san koyar da agajin farko, ƴan kwana-kwana kuma sun san tsara aikin ceto. Horar da matuƙa ashirin a kowace babbar mashiga bai fi ƙarfinsu ba. Nauyin hukuma kuwa shi ne wanda babu mai ɗaukar mata: ta ƙirga fasinja kafin jirgi ya tashi, ta hana lodin da ya wuce ƙima ko da mai jirgin ya san wani, ta tabbata wanda ke amsa waya tsakar dare ya san wa zai tasa, ta kuma rubuta dokar da za ta ba ma'aikaci izinin barin ofis in an kira shi ceto, ta ɗauki nauyin wanda ya ji rauni. Jami'in da ke karɓar kuɗin mashiga ranar kasuwa ya iya ƙirga buhuna. Ƙirga kawuna ba zai gagare shi ba.

Kogin yana cika sau biyu a shekara, da ruwan damina a Agusta da Satumba, da ruwan Gine da ke isowa tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa. Haɗarin Lolo ya faɗo cikin na farko, na Sambera cikin na biyu. Kafin cikar da ke tafe, kowane mai riƙe da gunduma a bakin kogi yana iya kiran sarkin ruwa da shugaban matuƙa da na ƴan kasuwa, a zauna a rubuta sunayen masu iyo da lambobin wayarsu cikin littafi guda, a ajiye kwafi a wurin jandarma, wani a barikin ƴan kwana-kwana mafi kusa, a kuma sa ranar atisayen farko.